Kishi, Ƙi da Ƙiyayya: Kalmomin Zaɓen Sabon Shiga a Nijar, Daga Misalin Adar

1. Gabatarwa

Idan mutumin da ba a san shi a fadar mulki ba ya fito ya kayar da manya a zaɓe, masu nazarin siyasa da Faransanci sukan kawo kalmomi uku domin bayani: «nationalisme», «haine» da «populisme». Tun daga zaɓen Donald Trump a Amurka a shekarar 2016 wannan bayani ya zama kamar hadda: wai sabon shiga yana hura wutar kishin ƙasa, ya nuna wa talaka wanda zai ƙi, ƙuri'a ta biyo baya. Manufar wannan maƙala ita ce a auna bayanin da ma'aunin Hausa, a kan zaɓen da ya fi kama da shi a tarihin Nijar, watau na shugaban ƙasa na 1993, sa'annan a kwatanta shi da na 2020 zuwa 2021. Za mu riƙa duban al'amarin daga ƙasar Adar, musamman Illela, da maƙwabtanta Ƙwanni da Malbaza. Illelar jahar Tawa muke nufi, ba ta jahar Sakkwato da ke tsallaken iyaka daura da Ƙwanni ba.

Kalmomin Hausa da ake fassara waɗancan uku da su ba su faɗa daidai a kansu ba, kuma cikin wannan rata ne ɗan siyasa yake aikinsa. A ganinmu, wanda ya ce ƙiyayya ce ta zaɓi Mahaman Usman a 1993 ya gama abu biyu da Hausa ta raba tun daga ƙirar kalma, domin ƙi daban, ƙiyayya daban.

2. Baƙo, bare da sabon shiga

Faransanci kansa aro ya yi na kalmar «outsider» daga Ingilishi, ta hanyar sukuwar dawaki, inda take nufin dokin da ba a sa ran zai zo na ɗaya ba. Hausa ba ta da kalma guda da za ta ɗauki wannan ma'ana. Uku take da su. Baƙo shi ne wanda ya zo daga wani wuri: yana da haƙƙin ruwa da masauki, amma ana sa ran zai tafi, shi ya sa karin magana ya kwatanta shi da raɓa, ya kwatanta ɗan gari da kaba. Bare kuwa ko a garin aka yanke cibiyarsa, ba shi da gado a cikin zancen da ake yi. Sabon shiga ɗan gida ne, sana'ar ce kawai bai daɗe cikinta ba.

Babu ɗan takarar da zai tsaya a dandali ya kira kansa baƙo ko bare, alhali a Amurka ko Faransa mutum yana iya tinƙaho da cewa shi daga waje yake. Saboda haka dole sabon shiga mai magana da Hausa ya yi aiki biyu. Na farko ya nuna nisansa da fada: bai ci ba, bai sa hannu ba. Na biyu ya nuna kusancinsa da ƙasa fiye da abokin karawarsa. Aikin farko shi ne abin da ake kira «populisme», watau jan layi tsakanin na sama da na ƙasa, kuma tsohon abu ne a Hausa: jam'iyyar NEPU da aka kafa a Kano a 1950 da kuma Sawaba ta Jibo Bakari a Nijar duk a kan rabuwar talakawa da sarakuna suka gina zancensu. Aiki na biyu shi ne ƙofar da ƙiyayya take iya shiga, domin hanya mafi sauƙi ta nuna kai ɗan gida ne ita ce ka mai da wani bare.

3. Ƙasa da kishinta

Kalmar «ƙasa» tana nufin turɓaya, tana nufin yanki mai sarki (ƙasar Adar, ƙasar Ƙwanni, ƙasar Gobir), tana kuma nufin jamhuriya mai tuta da iyaka. Da ɗan bambancin karin sauti da gajarta wasalin ƙarshe, tana ba da bayanau na wuri, akasin «sama». Ke nan idan mai jawabi ya furta ta a kasuwar Badagishiri, babu abin da zai tilasta wa mai saurare ya ji Nijar. Yana iya jin Adar, yana iya jin gonarsa.

Harɗaɗɗen suna «ɗan ƙasa» ya gaji wannan yalwa har ya ƙara. A takardun hukuma shi ne fassarar «citoyen». A bakin jama'a shi ne haifaffen wuri. Amma a Adar da Arewa akwai ma'ana ta uku da ta girme su, wadda ayyukan Nicole Echard da Marc-Henri Piault suka yi bayani: «ƴan ƙasa» su ne zuriyar waɗanda suka fara saran daji, masu alkawari da iskokin wurin, kuma ana bambanta su da gidajen sarauta. Abin lura a nan shi ne gidan Sarkin Adar da ke Illela daga Agadas ya samo asali, ta hanyar Agabba, a ƙarshen ƙarni na 17 da farkon na 18, kamar yadda Jibo Hamani ya nuna a nazarinsa na tarihin Adar. Watau a tsarin gargajiyar wannan yanki, mai mulki da mai ƙasa ba lalle su zama mutum ɗaya ba, kuma zuwa daga nesa bai taɓa hana sarauta ba. Jamhuriya ce ta zo da sharaɗin cewa sai «ɗan ƙasa na asali» zai yi shugabanci, ta ɗora kalmar shari'a a kan kalmar da ke da tsofaffin jijiyoyi.

Sai «kishi». Saiwarta ɗaya da «kishiya», kuma duk wanda ya tashi a gidan mata biyu ya san kishi ba ya tsayuwa da mutum biyu, sai da na uku: mai kishi, abin da ake kishi a kansa, da wanda ake kishi da shi. A duba:

(1) a. Tana son gidansu.
b. Tana kishin gidansu.
c. Tana kishi da Hajara.

Jimla ta (1a) ta cika da kanta. Ta (1b) kuwa tana ɗauke da zaton akwai wani gidan da ake gogayya da shi ko wani mai neman ƙasƙanta wannan, ko da ba a ambace shi ba, kuma (1c) ta fito da shi fili. Masu fassara sun zaɓi «kishin ƙasa» a kan «son ƙasa» domin «patriotisme» da «nationalisme» duka biyu, har bambancin da Faransanci yake yi tsakaninsu ya ɓace. Sakamakon shi ne duk sa'ad da aka ce kishin ƙasa, akwai gurbin kishiya da ke jiran cikewa. A ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958, lokacin da Sawaba ta ce a jefa «a'a», Faransa ce a gurbin. Jibo Bakari Bazabarme ne, amma ƙarfin jam'iyyarsa a garuruwan Hausa irin su Damagaram da Maraɗi ya fi yawa. A wancan zamani layin bai bi harshe ba.

4. Zaɓen 1993

Mai karatu ya san jerin abubuwan: harbin ɗalibai a gadar Kennedy ta Yamai ran 9 ga Fabrairu 1990, Babban Taron Ƙasa daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991, da tsarin mulkin da aka amince da shi ran 26 ga Disamba 1992. Abin da ya shafe mu shi ne shugabannin ƙasa uku da aka yi kafin nan, Jori Hamani, Saini Kunce da Ali Shaibu, duka daga yammacin ƙasa suke, masu magana da Zabarmanci, alhali masu magana da Hausa sun ɗan ɗara rabin al'umma. Mahaman Usman, haifaffen Damagaram a 1950, masanin ƙididdiga da tattalin arziki, ma'aikacin gwamnati ne da jama'a ba su san sunansa ba kafin buɗe fagen jam'iyyu. Jam'iyyarsa CDS-Rahama a Damagaram take da tushe, abokan hamayya kuma sun yi ta zarginta da ɓangaranci. Ga sabon shiga, ga tsohon miki: a kallon farko bayanin da muka fara da shi ya zauna daram.

To, sai a dubi alƙaluman zagaye na farko, ran 27 ga Fabrairu 1993. Tanja Mamadu na MNSD-Nasara ya sami kashi 34,22 cikin ɗari, Mahaman Usman 26,59, Mahamadu Isufu na PNDS-Tarayya 15,92, Mumuni Adamu Zarmakwai na ANDP-Zaman Lahiya 15,24. Da a ce harshe ne ya yi zaɓen, da Usman bai tsaya a kashi ɗaya cikin huɗu da ɗoriya ba. Adar ƙasar Hausa ce, amma tana da ɗanta, Isufu, haifaffen Dandaji ta gundumar Illela, kuma tun daga lokacin jahar Tawa ta zama cibiyar ƙarfin jam'iyyarsa. A zagayen farko ma'anar «ƙasa» ta biyu ce ta yi aiki, ba ta uku ba, kowane yanki ya rungumi nasa.

Ta ɗaya ɓangaren ma lissafin ƙabila bai fita ba. Tanja, ɗan takarar tsohuwar jam'iyyar gwamnati, ba Bazabarme ba ne. A Maine-Sorowa ta jahar Difa aka haife shi. Adarawa sun san shi sarai, domin shi ya riƙe jahar Tawa daga 1981 zuwa 1988, bayan ya riƙe Maraɗi da ma'aikatar cikin gida. Wanda ya fito daga gidan sarautar Zabarmawa na Doso, watau Zarmakwai, yana cikin ƙawancen AFC tare da Usman da Isufu, bayan ya rasa shugabancin MNSD a hannun Tanja a 1991. Jimlar ƙuri'un mutanen nan uku a zagayen farko ta kai kashi 57,75. A zagaye na biyu, ran 27 ga Maris, Usman ya sami 54,42, Tanja 45,58. Kusan mutum ɗaya cikin uku na masu rajista ne kawai ya fita zaɓe. Manomin Illela da ya jefa wa Usman a Maris ba shi ya zaɓa a Fabrairu ba. Abin da ya yi shi ne ya ƙi Tanja, ko kuwa, in an fi son daidaito, ya ƙi abin da Tanja ya tsaya a madadinsa: kaki, jam'iyya ɗaya, da tsoron hukuma na shekara goma sha tara.

A nan ne ƙirar kalma take taimako. Aikatau «ƙi» yana ɗaukar ma'anar rashin amincewa da ta rashin so, kuma daga gefe ɗaya yake fitowa: ina iya ƙin tayi ba tare da mai tayin ya ƙi ni ba. «Ƙiyayya» kuwa tana cikin rukunin sunaye masu ɗafin -ayya, waɗanda galibi suke nuna aikin da ake yi wa juna ko ake yi tare:

(2) so > soyayya. Ja > jayayya. Ƙi > ƙiyayya. Tara > tarayya

(Sunan jam'iyyar Isufu yana cikin wannan rukuni, abin da ya cancanci ɗan murmushi.) Ƙiyayya zama ce tsakanin ɓangare biyu, tana daɗewa, ana gadonta. Zaɓe mai zagaye biyu, irin wanda Nijar ta ara daga Faransa, ba ya bukatar ta. Yana tattara ƙi iri-iri ne kawai ya zuba su a akwati ɗaya. Hujjar cewa ƙi ne ba ƙiyayya ba tana cikin abin da ya biyo baya. A Satumban 1994, bayan shugaban ƙasa ya rage ikon firaminista, Isufu ya ajiye muƙamin, PNDS ta fita daga AFC ta haɗa kai da MNSD ɗin da aka taru aka kayar. Zaɓen majalisa na Janairun 1995 ya ba sabon ƙawancen rinjaye, Hama Amadu ya zama firaminista, aka shiga zaman doya da manja har Ibrahim Ba'are Mainasara ya yi juyin mulki ran 27 ga Janairu 1996. A 1999 da 2004 kuma Usman ne ya mara wa Tanja baya a zagaye na biyu, suka kayar da Isufu. Gaba ta jini ba ta juyawa haka cikin wata goma sha takwas.

5. Nahawun da ba ya kama suna

Wannan ba ya nufin zancen ɓangare da ƙabila bai gudana a 1993 ba. Ya gudana, sai dai a ƙarƙashin harshe. Tsarin mulki ya hana kafa jam'iyya a kan ƙabila, yanki ko addini, kuma sunayen jam'iyyun kansu, waɗanda galibinsu na Hausa ne har da na ƴan yamma, ba abin da suke ambato sai alheri: Rahama, Nasara, Tarayya, Zaman Lahiya, Amana. Abin da doka ta hana a faɗa, nahawu ya ba da hanyar nuna shi. Misalan da ke tafe namu ne, mun ƙirƙire su domin nuna siga:

(3) a. An danne mu shekara talatin.
b. Yanzu lokacinmu ne.

A (3a) lamirin «an» ya ɓoye mai aikin. Ɗan ƙungiyar ƙwadago zai ji soja, ɗan kasuwar Damagaram zai ji Yamai, wani kuma zai ji sunan wata ƙabila, mai maganar kuwa bai furta ko ɗaya ba. A (3b) matsalar tana ga «mu». Fulatanci yana bambanta «mu» da ya haɗa da mai saurare (en) da wanda ya ware shi (min). Hausa ba ta yin wannan bambanci, don haka jimla ɗaya tana iya zama gayyata ga kowa a gidan rediyo, ta zama shinge a zauren unguwa. Wannan dabara ba ƴan siyasa suka ƙirƙiro ta ba. Habaici ne, irin wanda kishiyoyi suke yi a bakin turmi, wanda ƙa'idarsa ita ce wanda ya tsargu shi ya kama kansa.

Kalmar da ta ɗauki zamanin, «canji», ita ma haka take. Aro ce daga Ingilishi ta hanyar Nijeriya, kuma mutumin Ƙwanni ya fara saninta ne a teburin ƴan canji, inda ake musanya naira da sefa. Suna ce da ba ta bukatar a faɗi me za a canja, da me. Ba a daɗe ba kuwa jama'a suka ba zamanin AFC wani sunan, «wasoso», saboda yadda jam'iyyun ƙawancen suka raba muƙamai, ga kuma karyewar darajar sefa da rabi a Janairun 1994. Canji ya sake fitowa a kamfen ɗin Muhammadu Buhari a Nijeriya a 2015, ya kuma zama sunan jam'iyyar da Usman ya tsaya a ƙarƙashinta a 2020, RDR-Canji.

6. Zaɓen 2020 zuwa 2021: daga ƙin tsari zuwa ƙin jini

Hausa tana da wani furuci da ya fi «ƙiyayya» dacewa da «haine» ta siyasa, shi ne «ƙin jini»: ƙin mutum ba don abin da ya aikata ba, sai don abin da yake. Mun ga irinsa a maƙwabta. A Janairun 1980 gwamnatin Nijeriya ta kori Shugaba Abdurrahman Darman, jagoran masu rinjaye a majalisar jahar Borno, zuwa Cadi da sunan ba ɗan ƙasa ba ne, sai kotu ta mayar masa da haƙƙinsa. A Kodibuwa aƙidar «ivoirité» ta hana Alassane Ouattara takara a 1995 da 2000, ta kai ƙasar ga yaƙi. Trump kansa da shakkar takardar haihuwar Barack Obama ya share fagen siyasarsa.

A Nijar abin ya fito fili a 2020, a kan Bazum Mohamed, ɗan takarar PNDS, Balarabe haifaffen jahar Difa a 1960. Wasu ƴan takara sun kai ƙara kotun tsarin mulki a kan takardunsa na zama ɗan ƙasa, kotun ta yi watsi da ƙarar, amma zancen ya ci gaba a dandali da wayoyin hannu, inda ya sauka daga batun takarda zuwa batun launin fata. A lura da yadda matsayi ya juye. Bazum yana cikin waɗanda suka kafa PNDS a 1990, ya riƙe ma'aikatar harkokin waje da ta cikin gida. Babu ɗan fada kamarsa. Usman kuma tsohon shugaban ƙasa ne, ya shugabanci majalisar dokoki daga 1999 zuwa 2009. Ba sabon shiga ko ɗaya a fagen. Aikin farko da muka ambata a sashe na 2, na nuna nisa da fada, ya yi wuya ga kowa, sai wasu suka ɗora nauyin duka a kan na biyu, watau mai da abokin karawa bare.

Sakamakon da aka bayyana na zagaye na biyu, ran 21 ga Fabrairu 2021, ya ba Bazum kusan kashi 55,7 cikin ɗari, Usman 44,3. Ƴan adawa sun ce an yi maguɗi, an yi tarzoma a Yamai, mutum biyu sun rasu, an kama ɗaruruwa har da Hama Amadu. Amma taswirar ƙuri'un ta saɓa wa lissafin harshe fiye da ta 1993: Yamai ta bi mutumin Damagaram saboda goyon bayan Hama, jahar Tawa kuwa ta ba Balaraben gagarumin rinjaye saboda ɗan jam'iyyar ɗansu ne. Muna ganin akwai wani dalili na ƙari da ya sa zancen baƙunta bai yi kasuwa a Adar ba. Ƙasar ƴan ci-rani ce. Da wuya a sami gida a Illela ko Malbaza da ba shi da wani a Abijan, Legas ko Libiya. Mutanen da iyayensu suka ga korar baƙi daga Gana a 1969 da kuma daga Nijeriya a 1983 sun san kalmar «baƙo» daga ɓangaren wanda ake nuna wa yatsa.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 gurbin kishiya ya sake komawa waje, kamar a 1958, kuma taken da ya bazu a lokacin da harshe biyu aka yi shi, Zabarmanci da Hausa: «Labu sanni no», «Zancen ƙasa ne». A wannan karon ma'ana ta uku ta «ƙasa» ake nufi. An rushe jam'iyyun siyasa a Maris 2025, kuma kundin da aka ƙaddamar a watan ya ba Hausa ita kaɗai matsayin «langue nationale», ya mai da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki, alhali dokar 2001 harsuna goma ta ba wannan suna. Fassarar da ake yi wa matsayin a Hausa ita ce «harshen ƙasa».